Majinyacin da ake zargin ya kamu da antiraks: me za a ɗiba, da me, kuma ina za a kai?

Jamilu_CHEW: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce ga ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da likitocin wannan zaure. A ɗauka mahauci ya zo ƙaramin asibiti da ƙurji a bayan hannu, tsakiyarsa ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi, kewayensa ya kumbura sosai, ba ya ciwo sai ɗan ƙaiƙayi, kuma ya ce kwana biyar da suka wuce ya feɗe saniyar da aka yi wa yankan gaggawa. Zuciya za ta tafi kan ciwon saifa, wato antiraks. To wane samfuri ake ɗiba? Da wane kaya? A firji ake ajiyewa ko a waje? Tun da aka tabbatar da cutar a wata gona a Gajiri ta ƙaramar hukumar Suleja a watan Yulin 2023 ake ta gargaɗi a kan cin mushe da ganda, amma bayanin ɗibar samfuri bai sauko ƙananan asibitoci ba.

MLS_Rabi: Wa alaikumus salam Malam Jamilu. Abu na farko, kafin komai: a ɗiba kafin a ba da antibiyotik. Bacillus anthracis, ƙwayar da ke kawo antiraks, ba ta da juriyar magani a wannan fuskar, allura ɗaya ko biyu sun isa su sa kalca, wato shuka ƙwayar a ɗakin gwaji, ya ƙi tsirowa, sai sakamako ya fito babu komai alhali cutar tana nan.

Yadda ake ɗiba ya danganta da matakin da ƙurjin yake. In har yanzu akwai bororo a gefensa, ruwan cikin bororon shi ne mafi daraja, domin a nan ƙwayoyin suka fi yawa. A zaɓi wanda bai taɓa fashewa ba, a buɗe shi a tsanake, a jiƙa busasshen tsinken suwab, wato tsinken dangwalo samfuri, da ruwan har ya sha. In kuwa ya riga ya yi baƙin ɓawo, kada a ɓamɓare ɓawon. A ɗan ɗaga gefensa, a zura kan tsinken a ƙarƙashi, a murza a hankali na daƙiƙa biyu zuwa uku. Shafa saman ɓawon aikin banza ne, ƙwayoyin da ke zaune a fata kawai za a kwaso.

Tsinke biyu ake so daga wuri ɗaya: ɗaya na rini (shafa wa ƙwayar launi don a gan ta a madubin likita) da kalca, ɗaya na PCR, wato gwajin gano ƙwayoyin halittarta. Na PCR ya zama mai kan roba irin Dacron ko reyon da sandar roba. Mai sandar itace da kan auduga yana iya dagula gwajin.

Dr_Sanusi_Z: Hajiya Rabi ta faɗi daidai. Ƙari ɗaya daga ɓangarenmu: kada a tsaga ƙurjin, kada a matse shi, kada a kankare. Babu mugunya a ciki, kumburin ruwa ne da gubar ƙwayar take tarawa. Yanka ba ya rage komai, sai dai ya buɗe wa ƙwayar hanyar jini. Kuma maganar a ɗiba kafin magani ba ta nufin a jinkirta magani. Mai zazzaɓi, ko wanda ƙurjin yake fuska ko wuya, ɗibar minti goma ce, sannan a fara magani nan take. In kayan ɗiba ba sa kusa, magani ne gaba.

Jamilu_CHEW: Na gode. Jini fa? Ko suwab ɗin ya wadatar?

MLS_Rabi: Bai wadatar ba. Jini kashi uku ne, kuma a bi wannan jerin wajen cika kwalabe.

Na farko kwalaben kalca. Ga babban mutum mil (mililita) 8 zuwa 10 a kowace kwalba, kwalba biyu a huda ɗaya, in da hali a sake wata hudar a ɗaya hannun. A goge fata da barasar asibiti mai kashi 70, sannan aidin a bar shi ya bushe minti biyu, ko kuloheksidin daƙiƙa 30. Kada yatsa ya koma lalubar jijiya bayan an goge. A goge robar bakin kwalbar ita ma. Yawancin kalcan da ke fitowa da gurɓata daga waɗannan wurare biyu ne.

Na biyu kwalba mai jan murfi, mil 10, wanda zai ba da kusan mil 5 na ruwan jini bayan ya daskare. Wannan shi ne na farkon ciwo, a cikin kwana 7 da fara alamomi. Za a sake ɗibar na biyu tsakanin kwana 14 zuwa 35, a gwada su tare a ga ko garkuwar jiki ta hau. Ruwan jinin nan yana da wani amfani kuma: ana iya gano gubar ƙwayar a cikinsa ko bayan magani ya kashe ƙwayar, shi ya sa ake daskarar da shi a ma'aunin 20 ƙasa da sifili.

Na uku kwalba mai murfi shuɗi-ja, ta EDTA mai hana jini daskarewa, domin PCR. A juya ta a hankali sau takwas zuwa goma, ba girgizawa ba. Kada a yi amfani da mai koren murfi, sinadarin hefarin da ke cikinta yana hana PCR aiki.

Baffa_Lab: Amsar firji: kwalaben kalca na jini ba sa shiga firji, ko kusa. A bar su a zafin ɗaki har su isa inkubeta, na'urar ɗumin da ƙwayoyi ke tsirowa a ciki. Suwab da jinin EDTA, in tafiyar za ta wuce awa ɗaya, su shiga kula, wato akwatin sanyi, a ma'aunin 2 zuwa 8. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, a haɗa komai a kula ɗaya a danna ƙanƙara a kai.

Ummi_Nurse: Kayan kariya fa? Wasu suna cewa sai an sa cikakkiyar shigar nan irin ta Ebola.

Dr_Sanusi_Z: A'a Sista. Antiraks ba ta bin numfashi daga mutum zuwa mutum, ko da ta huhu ce. Safar hannu, riga mai dogon hannu, a rufe duk wani rauni da ke hannun mai ɗiba. In ana tsoron fantsama, takunkumi da tabarau. Abin lura shi ne ruwan ƙurjin da bandejin da aka cire.

Kabiru_IPC: Dakta ina da gyara kaɗan. Gaskiya ne ba ta yaɗuwa tsakanin mutane, amma a wurin tsabtacewa ne ake yin sakaci. Ƙwayar nan idan ta sha iska tana shiga wani ƙwanso mai tauri, kuma sanitaiza da barasa ba sa taɓa ta a wannan hali. Hannu sai sabulu da ruwa mai gudu. Tebur da kayan aiki sai kulorin mai ƙarfin kashi 0.5. Bilicin kasuwa mai kashi 3.5 ana haɗa ma'auni ɗaya da ruwa ma'auni shida. In garin kulorin ne mai kashi 70, kusan giram 7 a lita ɗaya. A haɗa sabo kullum, domin zafi da hasken rana suna kashe ƙarfinsa, kuma a bar shi ya jiƙa wurin aƙalla minti 10 kafin a goge. In akwai jini a wurin a fara kwashe shi da takarda, saboda jini yana cinye kulorin. Bandeji da auduga kuwa a ƙone, ko su bi ta tukunyar turara a ma'aunin 121.

Histo_Maryam: Ba a ambaci yankan nama ba. Mutanenmu da wuya su zo asibiti ba su riga sun sha amfisilin ko sifiro daga kyamis ba. A irin wannan hali suwab zai iya fitowa wayam, sai ɗan naman da aka huda ya tona gaskiya. Ana amfani da mahudi mai faɗin milimita 4, a ɗauki cikakken kaurin fata, daga gefen bororo ko gefen ɓawon, a haɗo da ɗan lafiyayyen wuri. Guda ɗaya ya shiga fomalin, ruwan adana nama, mai kashi 10, a zafin ɗaki, kada a daskarar. In mutum bai sha magani ba, ko bai cika awa 24 da farawa ba, a ɗauki na biyu a sa a kwalba mai tsabta ba fomalin, wannan na kalca da PCR ne. Wanda ya zuba duka biyun a fomalin ya kashe kalca da hannunsa.

Jamilu_CHEW: To wannan bai ci karo da maganar Dakta ta kada a yanka ba?

Dr_Sanusi_Z: Huda ta milimita 4 a hannun likita daban take da tsaga ƙurji domin fitar da mugunya. Amma ni a ganina ba aikin ƙaramin asibiti ba ne. A can a tsaya a suwab da jini, a tura majinyaci babban asibiti.

Histo_Maryam: Na yarda Dakta, matuƙar takardar turawa ta faɗi abin da ake zargi da sunan maganin da aka ba shi da lokacin da ya fara sha.

Vet_Ardo: Bari mu na dabbobi mu sa baki, domin mahaucin nan ba shi kaɗai ba ne. Akwai wanda ya riƙe ƙafa, wanda ya wanke hanji, majemin da ya sayi fatar, da gidajen da naman ya shiga. Alamar dabbar da saifa ta kashe sananniya ce: mutuwar farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura, ciki ya kumbura da wuri, gawar ba ta sandarewa yadda aka saba. Irin wannan mushe ba a feɗe shi, ko don bincike. Buɗe shi ne ke ba ƙwayar iska ta yi ƙwanso, ta zauna a ƙasar wurin shekaru masu yawa. Jami'in dabbobi yana ɗibar jini kaɗan daga jijiyar kunne ko ya dangwali wanda ke fita ta hanci, a aika cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato. Ita ce ta tabbatar da ta Suleja. Wata ɗaya kafin nan an sami ɓullar cutar a yankin Upper East na arewacin Gana, inda ta kashe dabbobi kuma ta taɓa mutane. Don haka duk wanda ya ga irin majinyacin da Malam Jamilu ya siffanta, ya sanar da ofishin dabbobi a ranar, kada kowa ya yi aikinsa shi kaɗai.

MLS_Rabi: Maganar Ardo ta kawo mu kan waɗanda suka ci naman. Antiraks ta hanji tana zuwa da ciwon ciki, amai, gudawa da jini, wani lokaci ciki ya tara ruwa. A nan kalcan jini ne kan gaba, sai bayan gida kamar giram 5 a kwalba mai faɗin baki, ko suwab na dubura, da ruwan ciki in likita ya zuƙo. In a maƙogwaro ta fito, a shafi gyambon da ke can.

Ta huhu kuma tana yaudara. Mutane suna rige-rigen karɓar kaki, alhali ba namoniya ba ce. Ƙwayar tana wucewa zuwa kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji, shi ya sa hoton ƙirji yake nuna tsakiyar ta faɗaɗa da ruwa a gefen huhu. Jini da wannan ruwan, fiye da mil 1, su ne samfurin. Duk wanda ya ruɗe ko wuyansa ya sage, a ɗebi ruwan ƙashin baya, sau da yawa da jini-jini yake fitowa. Mutum na farko da aka gano a harin wasiƙu masu garin antiraks da aka yi a Amurka a 2001, a jihar Fulorida, rinin Gram na ruwan ƙashin bayansa ne ya fara nuna dogayen sandunan.

Sadiq_Epid: Tunda an ambaci 2001. Mutum 22 suka kamu, 11 ta huhu, 5 suka rasu, ciki har da ma'aikatan gidan waya biyu a Washinton. Darasin da ya shafi wannan zare shi ne na suwab ɗin hanci. An shafi hancin dubban mutane, amma amfaninsa na masu bincike ne, su gane iya inda garin ya kai a cikin gini. Ba gwajin lafiyar mutum ba ne. Hanci ya fito babu komai ba ya nufin mutum bai shaƙa ba. Wanda aka tabbatar yana wurin ana ba shi antibiyotik, sifiro ko doksi, na kwana 60 ko da me suwab ya nuna, saboda ƙwanson yana iya kwanciya a huhu makonni kafin ya farka. Wanda ba shi da alamar ciwo kuwa ba a yi masa kalcan jini.

Ummi_Nurse: To in mutum ya shigo da ambulan ɗin wasiƙa mai farin gari a hannu ya ce a gwada masa?

Kabiru_IPC: Kada a karɓa zuwa ɗakin gwaji na asibiti, Sista. Gari da ƙasa da wasiƙa ba samfurin majinyaci ba ne, buɗe su a kan benci zai gurɓata ɗakin duka. A ajiye shi inda yake, a rufe da wani abu, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, kowa ya fita a rufe ƙofa, a rubuta sunayen duk waɗanda suke wurin. Shi mutumin ya tuɓe kayansa ba tare da kakkaɓewa ba, a sa su a leda biyu, ya yi wanka da sabulu da ruwa. Ba a zuba wa mutum bilici a jiki. Sai a kira jami'an tsaro da na lafiya.

Sadiq_Epid: Kuma da zarar an yi zargin da gangan aka yi, kowace kwalba ta zama shaida. Takarda ce za ta bi samfurin: wa ya ɗiba, ƙarfe nawa, wa ya karɓa daga hannunsa, kowa da sa hannu da kwanan wata. In aka sami giɓi ɗaya a jerin, lauya zai rushe sakamakon a kotu komai ingancinsa.

Baffa_Lab: Ni inda nake da ja shi ne kalca a ƙananan ɗakunan gwaji. Abin da ke tsirowa ba ya ɓuya: cikin awa 15 zuwa 24 a kan faranti mai jinin tunkiya, fari-toka, kamar garin gilashi, gefensa da lanƙwasassun gashi, ba ya narkar da jini, in an ɗago shi da waya sai ya tsaya kamar farin ƙwai da aka buga, kuma ƙwayar ba ta motsi. Matsalar guda biyu ce. Wasu da sun ga manyan sanduna masu kama rinin Gram sai su ce gurɓata ce su zubar. Wasu kuma su yi ta sake shukawa a buɗaɗɗen benci suna neman suna. Wanda ba shi da akwatin kariya mai tace iska kada ya shuka kwata-kwata. Wanda yake da shi, da ya ga ba narkewar jini ba motsi, ya tsaya, ya naɗe farantin da tef, ya buga waya.

Micro_Hadiza: Baffa, ban yarda a hana su komai ba. Shafe a gilashi da rini abu ne da za a iya yi cikin aminci, kuma yana ba likita haske a cikin awa ɗaya maimakon jiran mako. Rinin shuɗin metilin irin na M'Fadyean yana nuna rigar ƙwayar ja-ja kewaye da shuɗin sanda mai yankakken baki. Sharaɗi dai a kafe shafen da barasa na minti ɗaya, kuma a san cewa wuta ko barasa ba sa kashe ƙwanso, gilashin ya faɗa cikin kulorin bayan an duba.

Baffa_Lab: Rini na yarda Hajiya. Shuka ce ban yarda ba.

Micro_Hadiza: To mun kusa haɗuwa. Abin da ya fi damuna ma ba antiraks ba ne. Brucella, wadda makiyaya ke kira bakkale a shanu, tana cikin ƙwayoyin da suka fi kama ma'aikatan ɗakin gwaji a duniya. Tana jinkirin tsirowa, ƙanana ce ƙwarai, kafin a gane ta an riga an buɗe faranti sau da yawa, wani ma ya sunsuna. Rabin kariyarmu yana hannun mai cike fom. Ya rubuta sana'ar majinyaci da abin da yake zargi, ya kuma kira kafin samfurin ya iso.

Nura_Agadez: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Yamai, ake aikawa. Ina so a taɓa ɗa'un, annobar nan ta ɓeraye mai kumbura kaluluwa, tunda tana cikin jerin cututtukan da ake tsoron a yi makami da su. Yaya ake zuƙo kaluluwar?

Dr_Sanusi_Z: Malam Nura, kaluluwar ɗa'un a farko tauri gare ta, babu ruwa, in an soka allura haka nan ba abin da zai fito. Ana ɗaukar sirinji mai mil 10 da allura lamba 20, a ja ruwan gishiri mai tsabta mil 1, a goge fata, a zuba shi a cikin kaluluwar, a ja a mayar sau biyu ko uku har ruwan ya fito da alamar jini. Tana da zafi ƙwarai, a ba da maganin ciwo tukuna. Ɗigo kaɗan a gilashi domin rinin Wayson ko Giemsa, inda ƙwayar ke fitowa da duhu a kai biyu kamar fil ɗin zane, saura a jiƙa suwab a cusa cikin Cary-Blair, sinadarin da ke adana ƙwayar, domin tafiya. Sai kalcan jini, da kaki in yana tari. Bambancinta da antiraks shi ne ta huhu tana yaɗuwa ta tari, don haka takunkumi da tabarau dole ne, shi ma majinyaci a sa masa, har ya cika awa 48 a kan maganin da ke aiki. A Madagaska a 2017 an lissafa mutum sama da 2,400, sama da 200 suka rasu, mafi yawa ta huhu ce. A can suna da tsinken gwajin gaggawa na F1 da ake yi a gefen gado.

Micro_Hadiza: Kuma Yersinia pestis, ƙwayar ɗa'un, ta fi son ma'aunin 28, tana ɗaukar kwana biyu kafin ta fito sosai, injinan gano suna kuma suna yawan ba ta sunan wata ƙwayar daban.

Sadiq_Epid: Mu dawo gida. Abin da ma'aikacinmu zai fi haɗuwa da shi a cikin wannan jeri Lassa ce, musamman daga Disamba zuwa Afrilu. A nan ne cikakkiyar shigar da Sista Ummi ta tambaya take aiki, da mutum na biyu yana tsaye yana lura da sawa da cirewa. Jini mil 4 zuwa 5 a kwalbar EDTA ta roba, ba ta gilashi ba. A rubuta suna da lamba a jikin kwalbar kafin a shiga ɗakin. Kada a mayar wa allura murfi, akwatin allurai ya kasance a inda hannu zai kai. A goge bayan kwalbar da kulorin 0.5, a jefa ta cikin mazubi na biyu da mataimaki yake riƙe da shi a bakin ƙofa, ba tare da safar mai ɗiba ta taɓa mazubin ba. Ba a juya wannan jini a injin, ba a buɗe shi a ƙaramin asibiti. Ma'aunin 2 zuwa 8 har ya isa ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da ke Gaduwa a Abuja, ko Irrua a jihar Edo, ko duk wanda jiha take aikawa. In an ɗiba a cikin kwana uku na farkon zazzaɓi ya fito babu, kuma zargi yana nan, a sake ɗiba, domin ƙwayar ba ta gama yawa a jini ba. Haka dokar take a Ebola, wadda ta kama mutum 20 a Najeriya a 2014 ta kashe 8.

Ummi_Nurse: Gwajin maleriya fa, a bar shi?

Sadiq_Epid: A yi na tsinke a gefen gado cikin shigar, a zubar da komai a sharar ɗakin. Fitowar maleriya ba ta kore Lassa.

Pharm_Bello: Akwai wadda ba ƙwaya ake nema ba, guba ce: botulizim. Ido ya faɗi, gani ya zama biyu, haɗiya ta gagara, shanyewa tana saukowa daga kai, ba zazzaɓi, hankali garau. Ruwan jini a ɗiba kafin a ba da maganin karya gubar, in an ba da shi gwajin ya tashi a banza. Ana son da yawa, mil 10 na ruwan jini in zai samu, wato jini kusan mil 20. Bayan gida kamar giram 25, da ragowar abincin a mazubinsa na asali. A sanyaya, kada a daskarar. A rubuta duk magungunan da yake sha, domin irin su firidostigmin suna rikita gwajin da ake yi da ɓeraye. Kuma ba a jiran sakamako kafin a yi magani.

Jamilu_CHEW: Allah ya saka da alheri, zaren ya yi albarka. Mu koma kan mahaucina. Ga suwab biyu, ga jini. Yaya za a naɗe su, wa zai ɗauka?

Baffa_Lab: Mazubi uku. Na farko kwalbar samfurin, a ɗaure murfi a naɗe bakinsa da tef. A nannaɗe kowace da auduga ko takardar da za ta iya shanye duk abin da ke ciki in ta fashe. Na biyu gwangwani mai murfin murɗawa da ba ya yoyo. Na uku akwati mai ƙarfi ko kula. Fom ba ya shiga mazubi na biyu, a sa shi a leda tsakanin na biyu da na uku, don mai karɓa ya karanta kafin ya buɗe. Ƙanƙarar roba tana kewaye da mazubi na biyu, kuma a bar ta ta fara gumi tukuna, in ba haka ba za ta daskarar da jinin EDTA ya fashe. Busasshiyar ƙanƙara kada a toshe ta a mazubin da iska ba ta fita, zai tarwatse.

Lambar jigilar kaya masu haɗari kuma: samfurin majinyacin antiraks ko ɗa'un yana tafiya a rukunin B, UN3373. Da zarar an shuka ya tsiro, ya koma rukunin A, UN2814. Lassa da Ebola rukunin A ne ko a wane hali. Rukunin A ba ya wuce mil 50 a kunshi ɗaya a jirgin fasinja, kuma sai wanda ya sami horo yake naɗe shi.

Sadiq_Epid: Wanda zai ɗauka: a kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, DSNO, tun ana zargi, ba sai an tabbatar ba. Shi zai haɗa da jami'in annoba na jiha, su shirya mai kaiwa. In ba a same shi ba, layin NCDC 6232 kyauta ne. Kada a ba direban tasha kula a ce ya miƙa.

Kabiru_IPC: Malam Sadiq, a rubuce haka ne. A ƙauyen da ba wuta, DSNO yana da nisan awa uku, ranar Juma'a da yamma fa?

MLS_Rabi: Suwab da jinin EDTA za su jure kwana biyu zuwa uku a ma'aunin 2 zuwa 8 in ana canza ƙanƙara ana duba ma'aunin zafi. Jan murfi a bar shi tsaye ya daskare minti 30 zuwa awa ɗaya, sannan ya shiga sanyi. Kwalaben kalca ne ba za su jira ba, in ba za su isa cikin 'yan awanni ba gara a tura majinyacin a ɗiba a can.

Ummi_Nurse: A firjin allurar rigakafi za a ajiye? Shi kaɗai ne mai sola a yawancin wurare.

Kabiru_IPC: A'a, samfuri ba ya shiga firjin rigakafi. A karɓi ƙanƙarar roba daga can, a yi amfani da kula daban da aka rubuta wa alama, kuma wannan kula da ƙanƙararta ba sa komawa aikin rigakafi.

Baffa_Lab: To ai a nan gizo ke saƙar, Malam Kabiru. In ƙanƙarar ba ta komawa, kowane samfuri zai cinye guda huɗu, kuma ba a ba su ƙari. A wanke ta da kulorin 0.5 minti 10, a ɗauraye, tunda mazubi na biyu kawai ta taɓa.

Kabiru_IPC: Ga Lassa ba zan yarda ba. Ga suwab na antiraks da aka naɗe daidai, za a iya tattaunawa, amma a ware saiti guda na samfuri tun yanzu, a shafa masa jan fenti.

Vet_Ardo: Malam Jamilu, kafin kular ta tashi, a tambayi mahaucin inda fatar take. Ita ma sai an bi sawunta.